Yadda Sha Biyu Ta Koma Ɗaya

A damunar 1969, kwamfutar wani ofishin binciken noma da ke Zariya ta yanke hukunci cewa ana ruwan inci ashirin da tara kowane wata a Barkiya. Kowane wata, har da na tsakiyar bazara, lokacin da shanu ke lasar gindin tabki. Mutanen Barkiya ba su sami labarin wannan arziki ba, suka ci gaba da duban sama kamar kullum. Wanda labarin ya iske shi ne Rabo ɗan Alhaji Mamuda, a zauren gidansu a Dutsin-Ma, ranar Laraba da hantsi, cikin doguwar takarda mai huji-huji a gefe da Ya'u direba ya sauke mashi tare da buhunan gishirin Alhaji.

Maƙale da takardar akwai 'yar wasiƙa daga shugaban sashensu, wani dogon Bature da ma'aikata ke kira Mai Lofe. Ya ce yana taya Barkiya murna, yana kuma ba Karofi da Shema shawara su sayi kwale-kwale, tun da su ma na'urar ba ta bar su a tudu ba. Ya ce wannan ne gwaji na biyu da ya lalace, kuma lokacin na'ura ba ruwan rijiya ba ne. Saura sau ɗaya. In na ukun ya fito haka, wata shidan gwajin aikin Rabo zai cika ƙarshen wata, ba sai ya wahalar da kansa da komawa Zariya ba.

Alhaji Mamuda, wanda bai taɓa gane abin da ɗansa ke yi ba, ya gane wannan da kallon fuska kawai.

"Sun koro ka?"

"A'a, Alhaji. Da saura."

"To madalla. Tiyar awon wake dai tana nan rataye, ba ta je ko'ina ba."

Aikin Rabo ba mai wuyar faɗi ba ne. An turo shi gida ya tattara awon ruwan sama na ƙauyuka goma, ya rubuta shirin da zai sa na'ura ta jera watannin kowane ƙauye daga wanda ya fi ruwa zuwa wanda ya fi fari, sannan ta raba ruwan shekara gida sha biyu ta fitar da matsakaici. Yakan rubuta shirin da fensir a takarda mai gida-gida, harafi ɗaya a gida ɗaya. Ya'u ya kai Zariya, mata masu buga kati su huda, na'ura ta haɗiye, amsa ta dawo bayan kwana takwas. Kuskuren da ka yi da safiyar Talata sai ya je Zariya ya huta, ya dawo maka da ƙiba.

Rabo da harshen Fortran yake rubutu, wanda ke kama da lissafin makaranta, mutum ya karanta ya gane. Amma jerawar ba shi ya rubuta ta ba. Akwai wani ɗan reshe, wato ƙaramin shirin da babba ke kira, mai suna JERA, rubutacce da harshen na'urar kanta, harshen da ba ya san wata ko ƙauye, sai gurbi da adireshin gurbi. In shirin Rabo ya kira JERA, ba ya ɗaukar watannin ya miƙa mashi. Adireshi yake ba shi: ga inda suke, ga inda adadinsu yake. Kuma da yake JERA bai san abin da yake jerawa ba, Rabo yakan ba shi adireshi na uku, na wani ɗan reshen Fortran mai suna WANNE. Duk lokacin da JERA ya ɗauko wata biyu, sai ya juyo ya kira WANNE ya tambaya wanne ke gaba. Rabo ya kira shi, shi ya kira Rabo, haka har a gama.

Da wani ne ya rubuta JERA, da magana ta ƙare da wasiƙa ɗaya. Amma Hadi ne, ɗan Malam Ilu na Kurfi. Malam Ilu kuwa yayan Rahmatu ne, mahaifiyar Rabo. Taubasai ke nan, ɗan namiji da ɗan mace, kuma tun suna rarrafe babu wanda ya taɓa gaya wa ɗan'uwansa magana a miƙe. Al'ada ce ta ba su izini, su kuma suka riƙe ta da hannu biyu kamar ita kaɗai aka bar masu gado. Makon farko na Rabo a Zariya, Hadi ya ja shi gefe ya gaya mashi, da fuskar mai wa'azi, cewa na'ura ba ta karɓar katin da ya ji hannun ɗan mai hatsi sai an wanke hannun da lemun tsami. Kwana goma sha ɗaya Rabo yana zuwa ofis da lemu a aljihu, har ranar da Mai Lofe ya tambaye shi ko mura yake yi.

Tun daga ranar Rabo ya ɗauki ƙa'ida: duk abin da ya fito daga bakin Hadi ƙarya ne sai in na'ura ta shaida.

Gwajin farko laifin Rabo ne, ko da yake bai gaya wa kowa ba. Ya manta katin da ke shaida wa na'ura cewa WANNE sunan reshe ne, ba sunan gurbin ajiye lamba ba. JERA ya juyo kira, ya bi adireshin da aka ba shi, ya faɗa cikin fili, ya kama karanta tarkacen da ya tarar kamar umarni. Shafi arba'in na shirme ya dawo Dutsin-Ma, Rahmatu ta shimfiɗa su a ƙasan akwatin kayanta. Wannan ya gyara. Na biyun ne ya fi ƙarfinsa. Ya bi shirin layi-layi sau biyar. Ruwan Barkiya na shekara inci ashirin da tara ne, an raba da sha biyu, ga sha biyun nan rubuce da hannunsa. Ko ɗan aji uku ya san amsar ba ta kai uku ba. Na'urar da aka ce an ɗauko ta a jirgi ta ce ashirin da tara.

Ya'u zai koma Zariya ranar Juma'a bayan an sauko. Hadi kuwa yana Kurfi wata guda ke nan, yana jinyar ƙafar da ya karya a kan babur. Da safiyar Alhamis Rabo ya naɗe takardunsa cikin leda, ya ɗaure a bayan keke, ya kama hanyar Kurfi kamar mai zuwa karɓar bulala.

Ya tarar da Hadi a gindin darbejiyar ƙofar gida, kishingiɗe a tabarma, ƙafar ɗaure da karare tana miƙe gabansa kamar wadda aka ba sarauta.

"A'a! Bawana ne da rana tsaka? 'Yanta ka aka yi ko gudowa ka yi?"

"Duba ƙafar na zo. An ce jakin da ka buge ya warke, har ya ce ya yafe maka."

"Jakin ya fi ka zumunci, shi tun makon farko ya zo. Zauna nan ƙasa inda ya dace da kai."

Rabo ya zauna, ya warware doguwar takardar a kan tabarma. Hadi ya bi ta da yatsa, ya tsaya a Barkiya, ya yi dariya har sai da ƙafar ta tuna mashi da kanta ya kama ta yana salati.

"Inci ashirin da tara! Ka ce wa Alhaji ya bar hatsi ya koma kifi. Wallahi kai ne mutum na farko da ya kawo teku ƙasar Katsina."

"Reshenka ne."

"Reshena mutum huɗu ke aiki da shi a ofis, ba wanda ya nutsar da ko unguwa ɗaya. Me ka ba ni a matsayin adadi?"

"Sha biyu."

"A ina ka sa ta?"

"Cikin kiran. JERA, RUWA, sha biyu, WANNE."

"Tsirara haka? Yo ai na rubuta maka kada ka yi."

"Ka kuma rubuta mani in shafa wa katin man shanu."

"Ka shafa?"

"Hadi, don Allah."

"Yau kuma har da sunana? Lallai abin ya kai." Ya gyara kishingiɗa, idonsa na ƙyalli. "To saurara. Sha biyunka ce ta mutu. Na cinye ta. Sannan ka juya watannin ka fara daga Disamba, don na'urar ta fi son sanyi. Sannan WANNE ɗin nan, ka sa ya riƙa amsawa sau biyu, kunnen JERA ya yi nauyi."

Abin da ya ƙona ran Rabo shi ne duka ukun da fuska ɗaya aka faɗe su, fuskar nan ta lemun tsami. Wataƙila ɗaya gaskiya ce. Wataƙila babu. In ya ɗauki ƙarya ya daina neman ainihin ciwon, shi ke nan, sai tiya. Ya dubi taubashinsa, mutumin da ya fi kowa sanin na'urar nan a duk Arewa in ka cire mutum biyu ko uku, ya ga ba shi da hanyar da zai ciro magana ɗaya tsayayya daga bakinsa. Roƙo ba ya yi, don roƙon ma abin dariya ne. Fushi ya fi muni, don taubashin da ya yi fushi ya faɗi ke nan har jikoki.

Suna cikin haka Malam Ilu ya dawo daga azahar, carbi a hannu. Dariyar Hadi ta ɗauke kamar an rufe tulu. Rabo ya cire takalmi ya durƙusa.

"Kawu, barka da rana."

"Ɗan Rahmatu. Ya mutanen Dutsin-Ma? Ya Alhaji?" Malam ya dubi takardar da ta kusa kai tsawon tabarmar. "Wannan kuma wace irin wasiƙa ce ba ta da ƙarshe?"

Wasan taubasai yana da iyaka ɗaya: ba a yin sa gaban uba. Rabo yana durƙushe ya ji wannan ya faɗo mashi a rai, ya ga ƙofar da ya yi wata shida yana nema.

"Kawu, wata 'yar matsala ce ta aiki tsakanina da shi. Da za ka ɗan zauna."

Hadi ya harare shi ta gefen ido. Malam ya sa aka kawo buzu ya zauna. Bai san kwamfuta ba, kuma bai ga dalilin da zai hana shi yanke hukunci a kanta ba.

"Kai, yi bayani," ya ce da ɗansa, wanda ba ya kiran sunansa don ɗan fari ne.

Hadi ya sunkuyar da kai, ya yi magana da wata murya da Rabo bai taɓa ji ba, murya mai sanyi ta mutumin kirki.

"Baba, in shirinsa ya kira nawa, ba lambar yake ba ni ba, wurin da take zaune yake nuna mani. Ni kuma da wannan wurin nake ƙirge. Na gama da wata ɗaya in rage ɗaya, sha ɗaya, goma, tara, har ya koma ɗaya in tsaya. To shi sha biyu ɗaya tak gare shi a duk shirin, gurbi ɗaya aka ajiye mata. Ita ya nuna mani. Da na gama, duk inda ya rubuta sha biyu, na'ura ta je gurbin ta tarar da ɗaya. Ya ce a raba ruwan shekara da sha biyu, aka raba da ɗaya."

Rabo ya jawo takardar da sauri. Barkiya ce ta farko, watanninta a jere tsaf daga Agusta zuwa ƙasa. Karofi, Shema da sauran duk suna nan yadda ya shigar da su, Janairu, Fabrairu, ba wanda ya motsa. An ce wa JERA ya jera abu ɗaya, ya duba ya ga abu ɗaya a jere yake, ya koma. Kwana guda takardar na hannunsa tana nuna mashi, shi yana can yana zargin na'ura.

Malam ya ja carbi biyu.

"Wato allonka ka ba shi, wanda karatunka ke kai. Ba ka kwafa mashi a wani ba."

"Haka ne, Kawu."

"Shi kuma ya wanke ya yi nasa rubutun." Ya juya. "Kai kuma wa ya aike ka wanke allon mutane?"

"Wuri ne babu, Baba. Cikin na'urar ƙarami ne, gurbi ɗaya ma abin tattali ne. Kuma na faɗa mashi. Na rubuta."

"Ina wasiƙar?"

Tana cikin ledar. Malam ba ya karanta boko, don haka ya ce Rabo ya karanta, da ƙarfi, kada ya tsallake komai. Rabo ya buɗe, ya yi gyaran murya, ya fara karanta zagin kansa a gaban kawunsa da ladabin mai karanta wasiyya.

"Zuwa ga bawana, ɗan mai wake, wanda aka ba fensir bisa kuskure. Na ɗaya, ka shafa wa katin farko man shanu don ya wuce da sauƙi. Na biyu, kada ka aika shiri ranar da ka ci tuwon dawa, nauyi yake sa wa lissafi. Na uku, gurbin adadi da shi nake ƙirgen sauka, kada ka ba ni lamba tsirara, ka kwafa ta a wani gurbi ka ba ni adireshin kwafin. Na huɗu, in ka ga Mai Lofe ka ce mashi ina neman wanda zai riƙe mani sanda, na ba da sunanka."

Wata kaza ta ratsa ta gefen tabarmar. Ba wanda ya kore ta.

"Wanne ne gaskiya a ciki?" in ji Malam.

"Na uku, Baba."

"Sauran fa?"

"Zumunci ne, Baba."

"Na gani. Ka ɗauki allura ka jefa cikin buhun ƙaiƙayi, ka ce ka ba shi allura." Ya dubi Rabo. "Kai kuma da iliminka na jami'a, ba ka iya tsince ta ba."

"Kawu, ya taɓa sa ni yawo da lemun tsami kwana goma sha ɗaya."

Gemun Malam ya ɗan motsa. Ya yi tari, ya dubi wani wuri can bayan darbejiya har abin ya wuce.

Gyaran kati ɗaya ne da rabi. Rabo ya rubuta NAWA = 12 a layin da ke gaban kiran, cikin zagayen da ke bin ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, don kowane ƙauye ya sami sabon kwafi, ya goge sha biyun da ke cikin kiran ya sa NAWA. Hadi ya cinye wannan in ya ga dama. Malam ya yunƙura zai tashi.

"Kawu, da za ka ɗan ƙara zama. Akwai sauran tambayoyi."

Malam ya koma ya zauna. Rabo ya jawo fensir ya shiga yi wa Hadi tambayoyin da ya tara tun Zariya, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗiban ruwa kafin a rufe famfo. In JERA ya kira WANNE, adireshin ainihin watannin yake miƙa mashi ko na kwafi? Na ainihi, don haka kada WANNE ya taɓa su, ya duba kawai. Amsar a ina yake jiran ta? In watanni biyu sun yi daidai fa, kamar Janairu da Fabrairu da ba ɗigo? Akwai wani gurbin da yake rubutu a ciki ban da na adadi? Hadi ya amsa duka, a taƙaice, daidai, da fuskar wanda ake cire wa haƙori. Fara watanni daga Disamba fa? Ba a yi. Amsawa sau biyu? Ba a yi. Malam yana jan carbi a tsakaninsu, bai fahimci ko kalma ɗaya ba, kuma a tarihin ofishin nan ba a taɓa yin taron da ya kai wannan amfani ba.

Da aka kira la'asar ya tashi ya tafi masallaci. Rabo na ɗaure leda a bayan keke, Hadi ya ce, yana kallon ƙafarsa:

"Ka rubuta wa Mai Lofe ka ce laifin reshena ne. Ni an riga an tabbatar da ni, ba abin da zai yi mani."

Rabo ya tsaya da igiya a hannu. Ya nemi ƙyallin nan a idon Hadi. Kamar akwai, kamar babu. Malam kuwa ya riga ya sha kwana.

"Sai ka warke, gurgu."

"Ka gaida teku, bawana."

Da safiyar Juma'a ya zauna a zaure ya rubuta wa Mai Lofe bayani. Ya fara da niyyar layi biyar, ya ƙare da shafi uku. Ya faɗi katin da ya manta a gwajin farko, wanda ba wanda ya tambaye shi. Ya faɗi sha biyun, ya ce an gargaɗe shi a rubuce bai ɗauka ba. Bai ambaci man shanu ba. Sau biyu ya rubuta cewa reshen da ke rubutu a gurbin mai kiransa reshe ne marar tarbiyya, sau biyu ya goge. Ya ninke takardun gida uku, ya soke su da allura a jikin shirin, ya miƙa wa Ya'u, wanda ya cusa su ƙarƙashin kujera kusa da jarkar mai.

A cikin kwana takwas ɗin jira, Alhaji ya sa an sauko da tiyar an wanke ta, an kife a bakin zaure inda mai shiga da mai fita zai gani.

Ranar Asabar amsa ta iso. Rabo ya warware ta a tsaye. Barkiya, inci biyu da ɗigo huɗu. Karofi da Shema sun fito daga ruwa, watanninsu a jere. Wasiƙar Mai Lofe layi ɗaya ce: lambobin sun yi daidai, an tabbatar da shi, ya dawo ranar ɗaya ga wata.

A ƙasan ƙunshin ya tarar da shafi ukunsa. Suna nan ninke gida uku, allurar na inda ya soka ta, ba a ko zare ta ba. A bayan shafin waje akwai zagayen gindin kofin shayi. Mai Lofe ya sami abin ɗora kofi.

Rabo ya zare allurar ya karanta daga farko har ƙarshe. Bayani ne mai kyau. Bai taɓa rubuta Turanci mai tsabta haka ba, kuma a duniya akwai mutum ɗaya tak da zai karanta shi da marmari, ya haddace, ya riƙa karanto mashi a kowane suna da kowane biki har su tsufa. Ya shiga cikin gida. Rahmatu na gaban murhu tana fama da ɗanyen icen damuna, hayaƙi ya cika mata ido.

"Inna, ga takarda."

"Ba ta aiki ba ce?"

"Ta gama aikinta."

Ya tsuguna ya tura ta ƙarƙashin icen da kansa, bai tashi ba sai da ya ga shafi na uku ya kama.